TARIHIN GUNDUMOMI DA HAƊE ƘAUYUKA A ƘASAR KONTAGORA: INA MATSAYIN TUNGAYENMU?

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin dattawan ƙungiya ya gabatar a wajen taron shekara-shekara da aka yi a garin Beri. Mun buga shi kamar yadda aka yi shi, saboda 'yan'uwa da ba su sami halarta ba.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma shugaban taro, wakilan iyayen ƙasa, malamanmu, dattawa, shugabannin ƙungiya, iyayenmu mata da ke zaune can gefe, da ku samari, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Da farko ina godiya ga kwamitin shirya wannan taro da ya ga ya dace in ce wani abu. Ni ba malamin tarihi ba ne. Abin da zan faɗa, wani na karanta, wani na ji daga iyaye, wani kuma da idona na gani. Dalilin da ya sa aka zaɓi wannan batu kuwa duk mun san shi. Watanni ke nan ana ta muhawara a majalisunmu. Wasu na cewa tungarsu ta cika ta batse, lokaci ya yi da za a ba su dagacin kansu. Wasu kuma tungarsu ta watse saboda rashin tsaro, sun dawo cikin gari, suna tambaya: shin mu koma ne, ko mu haɗe da mutanen gari a wuce wurin? Kafin kowa ya yanke shawara, ya kamata mu san yadda aka yi aka shata iyakokin nan tun asali. Ai an ce waiwaye adon tafiya.

KAFIN ZUWAN TURAWA

Kowa a nan ya san wanda ya kafa masarautar da muke zaune cikinta, wato Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, jikan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. An ba shi sarautar Sarkin Sudan a 1859, ya kafa garin Kontagora a 1864. Amma da ya zo ba daji ya tarar ba. Akwai Kambari da Kamuku da Dukawa da Gwarawa da sauransu, kowa da ƙasarsa da al'adarsa. Wannan magana ce da ya kamata mu Hausawa mu riƙa tunawa da ita kullum, zan kuma dawo kanta.

A wancan zamani, a masarautun Daular Sakkwato, babu gunduma irin wadda muka sani yau, mai iyaka daga rafi kaza zuwa dutse kaza. Hakimi a birni yake zaune kusa da sarki. Garuruwansa a warwatse suke, ɗaya a gabas, biyu a yamma, na wani hakimin a tsakaninsu. Jakada ne ke kai da komowa, ya karɓo haraji, ya kawo labari. Wato dai mutum ake bi, ba a bin ƙasa. In aka tambayi mai gari, zai ce ni na wane ne.

Sannan kuma yaƙe-yaƙe da hare-haren wancan ƙarni sun watsa jama'ar wannan yanki ƙwarai. Wasu sun hau duwatsu, wasu sun nutsa cikin daji, garuruwa da yawa suka zama kufai. Ku riƙe wannan, don shi ne ya sa ƙasar nan ta daɗe tana da faɗi amma mutane kaɗan. Shi ne kuma ya sa daga baya iyayenmu suka sami wurin sa fartanya.

GUNDUMA ƊIYAR HARAJI CE

A farkon 1901 sojojin Turawa suka ci Kontagora. Sarkin Sudan Ibrahim ya fita, daga baya aka kama shi, sannan aka dawo da shi gadon sarauta a 1903, ya ci gaba har rasuwarsa a 1929. Turawa suka yi Lardin Kontagora, da Razdan a kansa. Lardi ne babba, don har Yawuri da Borgu suna ciki.

To, Bature da ya zauna ya duba tsarin jakadu sai ya ga bai yi masa ba. Me ya sa? Don ba ya iya bin sawun kuɗi. Abin da talaka ya biya daban, abin da ya isa fada daban. Saboda haka aka kawo sabon tsari a duk Arewa: a tattara garuruwan da ke maƙwabtaka da juna su zama dunƙule ɗaya, a ɗora hakimi ɗaya a kansu, a ce ya bar birni ya tare a can, a kuma kawar da jakadu. A Kano an yi wannan aiki wajen 1907 zuwa 1908. Bayan 'yan shekaru aka kafa baitulmali, aka yanka wa sarki da hakimi albashi. Dunƙulen nan shi ne gunduma.

Daga gunduma sai aka gangaro ƙasa. Hakimi ba zai iya bin kowace bukka ba, dole a sami dagaci, a ƙarƙashinsa kuma masu unguwanni. A nan ne aka fara haɗe ƙauyuka. Ƙauyen da masu biyan harajinsa ba su taka kara sun karya ba, ba a bar masa dagaci. Sai a haɗa shi da uku ko huɗu na kusa, a ɗauki ɗaya a ce nan ne gidan dagaci, sauran su koma unguwanni. Ba a tambayi wane ƙauye ya girmi wane ba. Littafin malamin haraji aka duba. Mutanen da ke zaune a warwatse, kowane gida da dattijonsa, irin zaman da aka san Kambari da shi, su ma aka ɗora musu shugaba ɗaya, ko sun saba da haka ko ba su saba ba. Rigingimun sarauta da yawa da muke ji har gobe, in ka bi salsalarsu, nan za ka tarar.

Lardin ma kansa bai tsira ba. A cikin shekarun 1920 aka rushe Lardin Kontagora. Yawuri ta koma Lardin Sakkwato, Borgu ta koma Lardin Ilori, Kontagora kuma aka sa ta cikin Lardin Neja. Ka ga ke nan, abin da aka yi wa ƙaramin ƙauye shi aka yi wa babban lardi.

HAƊEWA IRI BIYU CE

Jama'a, a nan ina so mu bambance abu biyu. Akwai haɗewa ta takarda, wato kana nan a gidanka da gonarka, sunan wanda kake bi kawai ya sauya. Akwai kuma haɗewa ta ƙaura, wato a tashe ka ɗungurungum a kai ka wani wuri. Ita ta biyun ta fi zafi, kuma an yi ta a ƙasar nan ba sau ɗaya ba.

A ƙasar Zazzau, wajen Anchau, ciwon barci ya addabi mutane. Ƙudan tsando ne ke kawo shi, shi kuwa a duhuwar bakin rafi yake zama. Daga ƙarshen shekarun 1930 hukuma ta tashi ƙananan ƙauyuka ta tara su a sababbin matsuguni, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Hikimar ita ce, gida biyar ba za su iya sare duhuwar rafi duk shekara ba, amma gida ɗari za su iya. Aka haƙa rijiyoyi masu kyau, ciwon kuma ya ja da baya. Wannan haɗewa ce da ta zo da amfanin da ido ke gani.

Na biyu yana nan kusa da mu. Da aka gina madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka gama a 1968, ruwa ya ci tsohuwar Busa da ƙauyuka fiye da 200 a ƙasar Borgu da Yawuri. Mutum fiye da dubu 40 aka tasa. Ba a mayar wa kowane ƙauye da nasa wurin shi kaɗai ba, an haɗe da yawa, yawan garuruwan ya ragu. An gina musu gidaje na siminti, amma da yawa suka yi kukan cewa ginin bai dace da irin zamansu ba. Wanda ya saba noman albasa a bakin kogi ya sami kansa a tudu. Masu gari biyu suka wayi gari a gari ɗaya, dole ɗaya ya bi ɗaya.

Ko a wajen Nijeriya haka ne. A Tanzaniya, tsakanin 1973 da 1976, gwamnatin Julius Nyerere ta tara miliyoyin manoma a ƙauyukan haɗin gwiwa don a kai musu makaranta da asibiti da ruwa. Makarantu sun ƙaru, gaskiya ne, amma noma ya sha wuya, don an raba mutane da gonakin da suka sani. Abin lura a nan shi ne, haɗewa tana kawo makaranta kusa, tana kuma iya kai gona nesa.

DAGA EN'E ZUWA ƘARAMAR HUKUMA

Dattawa a nan sun ga zamanin En'e. A lokacin hakimi shi ne wuƙa shi ne nama a gundumarsa. Haraji da jangali ta hannunsa, alƙali da 'yan doka duk na En'e ne. Bayan an ƙirƙiro jihohi 12 a 1967, muka faɗa Jihar Arewa maso Yamma, hedkwata a Sakkwato. Ba a jima ba gwamnati ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e.

Shekarar 1976 ita ce ta sauya komai. A watan Fabrairu Janar Murtala Muhammed, Allah ya jiƙansa, ya ƙirƙiro Jihar Neja, hedkwata a Minna. Zuru, wadda muke lardi ɗaya da ita, aka bar ta a Jihar Sakkwato, yau tana Kebbi. A wannan shekarar kuma aka yi gyaran ƙananan hukumomi na ƙasa baki ɗaya. Aka rushe En'e, aka kafa ƙananan hukumomi 301, aka ce kowace ta kasance da mutum tsakanin dubu 150 da dubu 800. Kun ji dai, lissafin kawuna ne ya sake dawowa. Sarakuna aka ba su majalisar masarauta ta ba da shawara. Jihar Neja ta fara da ƙananan hukumomi takwas kacal.

Daga nan aka shiga yanka da ɗinki. A Jamhuriya ta Biyu, zamanin Gwamna Awwal Ibrahim, aka ƙara yawansu. Soja suka dawo, a 1984 suka soke duk ƙarin da aka yi a faɗin ƙasa, aka koma gidan jiya. Wanda aka yi wa bikin samun ƙaramar hukuma ya wayi gari an mayar da shi inda ya fito. A 1991 aka ciro Borgu daga Kwara aka haɗa ta da Neja. A 1996 aka yi ƙari na ƙarshe, ƙasa ta sami 774, Neja ta sami 25. Yau masarautar Kontagora ta ƙunshi ƙananan hukumomi shida: Kontagora, Mariga, Mashegu, Magama, Rijau da Wushishi. Mu nan Beri, da muke kan titin Kontagora zuwa Tegina, muna cikin Mariga, hedkwatarmu Bangi.

Akwai darasi guda kuma. A 2002 gwamnatin Abdulƙadir Kure ta ƙirƙiro sababbin ƙananan hukumomi 17. Amma tsarin mulki na 1999 ya jera sunayen 774 ɗin nan a cikinsa, ba a ƙara ko ɗaya sai Majalisar Ƙasa ta sa hannu. Ba ta sa ba, sai aka mayar da su yankunan raya ƙasa. Saboda haka samari masu cewa a nemo mana ƙaramar hukuma, ku sani wannan hanya ce mai tsawo. Gunduma da ƙasar dagaci kuwa, wannan magana ce tsakanin masarauta da gwamnatin jiha, ita ce ta fi kusa da mu, ita ce kuma ta fi taɓa mu.

GWANGWANIN MAHAIFINA

Yanzu bari in zo kanmu. Hausawa sun daɗe suna ratsa wannan yanki, tun zamanin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro. Amma yawancin mu da ke zaune a nan, iyayenmu noma ya kawo su. Farin 1973 ya koro wasu, na 1984 ya koro wasu, daga ƙasar Katsina da Zamfara da Sakkwato, har da Maraɗi. Jihar Neja ita ce ta fi kowace jiha faɗin ƙasa a Nijeriya, ga ruwan sama. Aka zo aka yi sallama.

Mahaifina, Allah ya gafarta masa, yana cikin na farko. Ina yaro muka zo. Na ga ranar da ya ɗauki goro, shi da abokan tafiyarsa, suka je gaban dagaci. Dagaci ya haɗa su da wani dattijon Kambari, shi ya shiga gaba cikin daji yana nuna musu, daga wannan kaɗanya zuwa wancan rafi. Ba takarda, ba sa hannu, amana ce kawai. Aka kafa tunga, aka ɗora mata mai unguwa.

Mahaifina yana da wata ɗabi'a da muke yi wa dariya. Duk rasit ɗin haraji da ya biya, sai ya naɗe shi ya jefa cikin wani tsohon gwangwani ya rataye a ɗaka. Mukan ce, Baba, mene ne amfanin wannan tarkace? Sai ya ce ku dai bari.

Bayan shekaru, dagacin ya rasu, dattijon da ya nuna iyaka shi ma ya rasu. Aka raba ƙasar dagacin gida biyu. Iyaka ta bi ta rafin nan, gidajenmu suka faɗa hannun dagaci ɗaya, gonakinmu na ƙetare suka faɗa hannun ɗayan. Sabon dagacin can bai san mu ba, mu ma ba mu taɓa kai masa gaisuwa ba. Damina na kamawa aka ce gonakin ba namu ba ne. Da aka je gaban hakimi, Baba ya zazzage gwangwaninsa. Ga sunansa, ga sunan tunga, ga shekaru a jere. Rasit ɗin haraji ba takardar gona ba ce, amma ya nuna tun yaushe muke wurin, hakimi kuma ya nemo 'ya'yan dattijon nan suka ba da shaida. Aka bar mana gona. Maƙwabcinmu, wanda rana ɗaya suka zo da Baba, bai ajiye komai ba, kuma ya yi shekaru bai leƙa gidan masu ƙasa ba. Rabin gonarsa ya tafi. Har ya rasu yana wannan baƙin ciki.

Tun daga ranar na gane cewa duk sa'ad da aka sake shata iyaka, mutum biyu ne ke tsira: wanda sunansa ke rubuce, da wanda maƙwabta za su tsaya masa.

HALIN DA MUKE CIKI

Yau wata irin haɗewa ce ta same mu, wadda ba Razdan ya yi ta ba, ba gwamna ba. 'Yan bindiga ne suka yi ta. Kowa ya tuna 2021, shekarar da aka kwashe ɗalibai a Kagara da 'yan Islamiyya a Tegina. Tungaye nawa ne suka tashi? Ku kun fi ni sani, don wasunku a ɗakin aro kuka kwana jiya. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.

Amma ku duba haɗarin da ke gaba. Rabon da a yi ƙidayar jama'a a Nijeriya tun 2006. Duk ranar da aka tashi sabuwa, inda aka same ka nan za a rubuta ka. Tungar da ba kowa ba za ta shiga lissafi ba, kuma tarihin da na karanto muku ya nuna cewa da lissafi ake raba dagaci da makaranta da rumfar zaɓe. Ga kuma batun takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda yaranmu ke nema don shiga makaranta ko aikin gwamnati. Daga mai unguwa take farawa, ta bi ta dagaci da hakimi. Yaron da aka haifa a nan, bai taɓa ganin Katsina ba, in mai unguwarsa ya ɓace daga tsari, wa zai ce ya san shi?

Don haka ga shawarata, in ƙungiya ta ga dama ta ɗauka.

Na ɗaya, kowace tunga, ko tana nan ko ta tashi, a rubuta tarihinta: wa ya kafa ta, wace shekara, wane dagaci ya ba da wuri, gidan wa ya nuna iyaka, magidanta nawa. A yi tun dattawan da suka sani suna da rai. Sakatare ya ajiye kwafi, a kai wa dagaci kwafi.

Na biyu, tungar da ta tashi kada ta saki mai unguwarta. Ko a cikin gari ake zaune, ya ci gaba da zuwa gaisuwa wurin dagacinsa, ana sanin cewa mutanen wuri kaza suna nan.

Na uku, maganar gona. Dokar ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallaka ta gargajiya a karkara. Wanda ya sayi gona ya nemi takarda. Wanda aro aka ba shi, ya rubuta cewa aro ne, da shaidu, kada 'ya'yansa su tashi suna cewa gado ne. Gaskiya ita ce ke tsare dukiya.

Na huɗu, masu neman dagacin kansu, ba na ce kada ku nema ba. Amma ku tambayi kanku, ina iyaka za ta bi? Gonakinku za su faɗa ciki ko waje? Kuma ku bi ta ƙofa. A fara da dagacin da ya sauke ku, a je wa hakimi, a bar masarauta ta duba. Wanda ya tsallake mai masaukinsa ya tafi Minna da takardar ƙorafi, ko ya samu, ya sayi gabar da jikokinsa za su biya.

Na biyar, shi ne wanda na ce zan dawo kansa. Mutanen da muka tarar a nan, Kambari da Kamuku da sauransu, da Fulanin da muke kiwo da noma tare, su ne shaidunmu. Ba gwangwani kaɗai ya ceci gonar Baba ba, 'ya'yan dattijon nan ne suka buɗe baki. A je musu suna, a je musu ta'aziyya, in sun nemi gudummawar gyaran hanya a fito. In kuma haɗewa ta zama dole, a zauna da su a yi ta da shawara, a san wa zai riƙe me, tun kafin a kai takarda sama. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Shugaban taro, na ga ana ɗaga mini agogo, kuma la'asar ta gabato. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, a yafe mini. Allah ya ja zamanin Sarkin Sudan, ya taimaki hakimanmu da dagatanmu. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka sare dajin nan, da waɗanda suka ba su wurin. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya ba mu damina mai albarka.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.